«Tafiya da son rai»: son ran wa?

Akwai kalmomin da mahukuntan ƙasar nan suka ƙware wajen wankewa da sabulu kafin su miƙo wa talaka. Kora ta zama «garambawul». Rufe ma'aikata ya zama «gyaran tattalin arziki». Magidancin da aka matsa wa lamba har ya sa hannu a takardar barin aiki, sai a rubuta a kundi cewa ya yi «tafiya da son rai». Shekara kusan arba'in ke nan ana rera mana wannan waƙa, a ƙarƙashin soja, a ƙarƙashin jam'iyyu, har zuwa mulkin sojan da ya zo a 2023, kuma amshinta bai taɓa sakewa ba: ga 'yan kuɗinka, je ka kama kasuwanci, in ba ka iya ba ka koma gona. Mu dai muna cewa wannan amshi yaudara ce, kuma masu rera shi sun san haka, domin a cikinsu ba mu ga wanda ya ajiye kujerarsa da son rai ya je ya buɗe tebur a bakin tasha ba.

Mai karatu na iya tambaya: ina ruwan gari kamar Gangara da wannan magana? Ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Gazawa, gundumar da aka yanko daga Agye a 2011, dab da iyakar jihar Katsina. Ba ta da masana'antar da za a rufe. To ai a irin waɗannan garuruwa ne ake ganin ƙarshen labari. A Yamai ake sa hannu, a ƙauye ake biyan kuɗin tawada. Wanda aka sallama a birni, in kuɗin haya ya gagare shi, gidan ubansa yake nufa da mata da 'ya'ya, kuma rumbun da da ma ba ya kai gidan ga kaka shi ne zai ɗauki sababbin bakuna.

Dattawan Gangara, na Agye da na Gidan Rumji ba su manta lokacin da gyaɗa ke sarauta ba. A 1962 aka kafa SONARA, kamfanin da ke riƙe da fitar da gyaɗa waje, aka kuma kafa UNCC domin ƙungiyoyin manoma da bashin noma. A gindin waɗannan sunaye mutane ne ke ci: masu awo, magatakardan kasuwar gyaɗa, masu gadin sito, malaman gona, direbobi, 'yan dako. A Maraɗi ga injin matsar mai na SICONIGER tun zamanin Turawa. Farin 1973 da 1974 ya karya gyaɗa, cutar da ta auka mata a 1975 ta ƙarasa ta. Kuɗin uraniyom suka rufe ramin na 'yan shekaru, sannan farashinsa ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnati ta nufi FMI da Bankin Duniya da ƙoƙon bara, su kuwa suka gindaya sharaɗinsu: a tsuke bakin aljihu, a rufe ko a sayar da kamfanonin gwamnati. Kafin shekarun 1980 su ƙare an rushe UNCC, bankin noma na CNCA ya durƙushe, SONARA ta bi su. A 1990 aka rufe BDRN, babban bankin raya ƙasa, SONIBANK ya gaji abin da ya rage mai lafiya.

A nan ne masu kare garambawul suke miƙewa, kuma ba mu ƙi jin su ba. Suna cewa kamfanonin nan sun riga sun ruɓe, ana ɗaukar ma'aikata don dangantaka, ana cin bashi ba a biya. Gaskiya ne. Sai dai a gaya mana wa ya ci bashin BDRN. Mai gadin ƙofa ne? Mai buga takarda ne? Kowa a Maraɗi ya san cewa manyan basusukan da suka kashe bankin nan suna wuyan manya ne, masu mulki da masu kuɗi, har sai da Taron Ƙasa na 1991 ya buɗe kundin maganar. Da yawa daga cikinsu sun ci gaba da hawan motocinsu. Wanda ya koma gida da takardar sallama a aljihu shi ne wanda bai taɓa ganin cikin asusun ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In har likita ya ce dole a yanke, ai sai a yanke inda ciwon yake.

Mu zo ga ainihin abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. A ƙarshen shekarun 1980 gwamnati ta fito da wani shiri mai suna PAIPCE, wanda aka ce zai tallafa wa ma'aikatan da suka yarda su bar aikin gwamnati su kafa sana'ar kansu. A takarda abin gwanin sha'awa: ma'aikata su ragu, 'yan kasuwa su ƙaru. Tunanin da ke ƙarƙashinsa, wanda har gobe yana yawo a ofisoshin Yamai, shi ne wai kasuwanci kuɗi ne kawai, duk wanda aka damƙa wa jari ya zama ɗan kasuwa. Wannan raini ne ga ma'aikaci, raini ne kuma ga 'yan kasuwa. Ku Alhazan Maraɗi, ku kuka fi kowa sanin yadda ake gina ɗan kasuwa. Yaro yake shiga hannun ubangida tun yana ɗan dako ko yaron kanti. Ya yi shekaru ana aikensa Jibiya, ana aikensa Kano, ana gwada shi da ƙaramin kuɗi kafin a ba shi babba. A cikin shekarun nan yake sanin wanda ke cika tiya da wanda ke tauye ta, wanda ake ba bashi da wanda ake ba haƙuri, wane jami'i ne a kan hanya sai an gaishe shi, wane wata ne wake ke tashi. Ranar da ubangida ya yaye shi, abin da yake fita da shi mafi tsada sunansa ne, domin da sunan nan zai ɗauki kaya na miliyoyi ba tare da ya ajiye dala ba. Wani mai bincike Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi sukutum a 1986 kan Alhazan Maraɗi da wannan dangantaka ta ubangida da bara. Da masu tsara PAIPCE sun karanta shi, ko kuma da sun zauna yini guda a bakin shagon wani Alhaji, da sun san cewa abin da ake tarawa cikin shekara goma sha biyar ba a koyar da shi a taron bita na mako biyu.

A ɗauki misali, mu yi lissafi tare. A ce an ba mutum miliyan biyu na sallama. Tun kafin kuɗin su iso hannunsa labari ya riga su isa gari. Mai kantin da ke ba shi shinkafa bashi tun watanni yana jira, mai gidan haya yana jira. Ƙanensa zai yi aure, gwaggonsa tana asibiti, ɗakin tsohuwa ya tsage tun damanar bara, kuma duk wanda ya san zumuncinmu ya san ba a cewa babu alhali kowa ya ji an biya ka. In ya yi sa'a rabi ya rage. Da rabin nan sai ya sayi buhunan aya ko na wake da kaka, don ya ji ana cewa ana samu in an ajiye zuwa bazara. Bai san sito ba, ƙwari suka shiga waken. Bai san dillali ba, aka saya masa da tsada. Ya kai kasuwar Ɗankama ya sayar da naira, kafin ya canza zuwa sefa nairar ta zube. Shekara ba ta zagayo ba jari ya tafi, albashi babu, shekarun fansho sun yanke a tsakiya. Sai kuma a taru a majalisa ana cewa ai 'yan boko ba su iya riƙon kuɗi ba. Wanne ɗan kasuwa ne zai tsira in ya fara da jari ɗaya tak, iyali goma a wuyansa, ba shi da ubangidan da zai ɗaga shi in ya faɗi?

Waɗanda suka ƙi tafiya da son rai, an san yadda aka yi da su a shekarun 1990. Albashi ya riƙa makara har bashi ya taru wata da watanni. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, abin da ke aljihu ya narke cikin dare ɗaya. A tsakiyar shekarun nan aka wayi gari watan ma'aikacin Nijar ya koma kwana 42, abin da ko masu ilimin taurari ba su taɓa ji ba. Zuwa ƙarshensu aka kawo dokar ritaya ta shekara 30 ta aiki ko 55 ta haihuwa, aka tura mutane gida da ƙarfinsu, 'ya'yansu na tsakiyar karatu. Da aka zo biyan bashin albashin a zamanin Tandja Mamadou, wani kaso da filaye aka biya shi, kuma ma'aikacin da yunwa ta ci ba ya jiran ya gina fili: da yawa sun sayar da takardunsu da arha ga masu kuɗi a hannu. Haƙƙin guminsu ne, amma wasu suka ci ribarsa.

Kada wani ya ce mana wannan tsohon labari ne. Abin da aka koya daga wancan zamani shi ne dabarar da ta fi kora sauƙi: a daina ɗaukar mutum aiki na dindindin tun farko, ta yadda ranar rabuwa ba a bin kowa komai. A 1998 aka fara ɗaukar malaman sa-kai a kan jika 35 a wata, daga baya suka zama malaman kwantaragi, har suka fi malaman dindindin yawa a makarantun firamare. Ku shiga makarantun ƙauyukan Gangara ku tambayi wanda ke riƙe da alli ko shi wane iri ne. A 2017 aka yi musu jarrabawa aka sallami dubbai, aka ce ba su iya ba. Wataƙila wasu ba su iya ɗin ba. Amma wa ya ɗauke su ba tare da horo ba, ya bar su shekara da shekaru a gaban 'ya'yan talakawa? Wanda ya sa hannu a ɗaukar yana nan, wanda aka ɗauka ne ya koma kabu-kabu.

Haka abin yake ga ma'aikatan furoje. Yankin Agye ya ga jerin ayyukan da asusun FIDA ya ɗauki nauyi, daga PDRAA a shekarun 1990, zuwa PPILDA, zuwa PASADEM, zuwa ProDAF, kuma ba mu musun amfanin da suka yi, ko don itatuwan da suka komo gonaki irin na Ɗan Saga. Sai dai kowane furoje da ranar mutuwarsa ake haihuwarsa. Mai wayar da kai, direba, mai gadi, kowa ya san cewa bayan 'yan shekaru za a sake suna, a sake allo a bakin ƙofa, shi kuma ya sake kai takardar neman aiki kamar bai taɓa yi ba. Ga kuma abin da ya auku kwanan baya: a watan Nuwamban 2024 aka janye wa ƙungiyar ACTED izinin aiki, a watan Fabrairun 2025 aka umarci CICR ta tattara nata, a shekarar ce kuma Amurka ta rufe USAID. Ba mu zo gardama kan ikon ƙasa ba; gwamnati na da damar cewa baƙo ya tafi. Baƙon yana da jirgi da ƙasar komawa. Direbansa da magatakardansa 'yan Nijar ne, kuma muna son mu ji abin da aka tanadar musu da bakin waɗanda suka yanke hukuncin.

Wanda ke son ya ga bambancin mai takarda da marar takarda ya dubi Arlit. Da aka rufe mahaƙar COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, ma'aikatan kamfanin kimanin 600 sun samu sallama ta albashin wata 20 zuwa 60. Ɗaruruwan da ke aiki ta hannun 'yan kwangila, waɗanda suka shiga rami ɗaya, suka shaƙi ƙura ɗaya, abin da suka samu bai kai a jera shi da wancan ba. Na farko suna da yarjejeniya a rubuce da ƙungiyar ƙwadago mai haƙori. Na biyu suna da ƙarfin damtse kawai.

To, an ce a koma gona. Wace gona? A kudancin jihar Maraɗi ƙasa ta riga ta ƙare. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki ne suke rabonta da taku, mata da yawa sun rasa gamanarsu, matasa suna tafiya cirani tun kafin a gama girbi. Wanda ya komo daga birni da 'yan kuɗi ba daji zai sara ba, gonar wani zai saya ko ya karɓa jingina, galibi ta wanda fari ko rashin lafiya ya kayar. Ka ga an magance talaucin mutum ɗaya da na wani. Noman aya da ake kwaɗaita wa mutane a Agye da Cadawa kuwa yana cin taki da ƙwadago kafin ya ba da ko sisi, kuma kasuwarsa tana Najeriya, inda ba mu da iko da ƙofa ko da kuɗi. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. An sake rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Sana'ar ruwa-ruwa, wadda ta daɗe tana haɗiye duk wanda ya rasa aiki a bakin iyaka, ta sha kashi tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Wannan ita ce kasuwar da ake nuna wa mutum da yatsa daga cikin ofis mai sanyi.

Ku ma'aikata, kuna da naku kason na laifi, kuma gara mu faɗa muku da kanmu. Da yawanku kun ɗauki lambar aiki kamar layar da wuƙa ba ta ci, kuna kallon mai tebur da mai faci kamar waɗanda makaranta ta ƙi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke cikin aiki yau ya je CNSS da ƙafarsa ya duba ko ana zuba kuɗin da ake yanka masa a wata, domin ba ma'aikaci ɗaya ko biyu ba ne ya tarar da asusunsa wayam ranar da ya tsufa. Ya ajiye kowace takardar albashi da kowace yarjejeniya a inda gara ba ta kai. In an kira shi ofis an miƙo masa takarda, kada ya sa hannu a ranar. Dokar ƙwadago ta 2012 ta wajabta wa mai kamfani ya tuntuɓi wakilan ma'aikata ya kuma sanar da sufeton ƙwadago kafin ya sallami mutane don dalilin tattalin arziki, kuma masu gaggawar a sa hannu sun fi kowa sanin haka. In kuwa yana da niyyar kasuwa, ya fara tun albashi na shigowa, ya sauke girman kai ya zauna a gaban wanda ya iya, ko da bai taɓa shiga aji ba, ya yi asararsa ta fari da ƙaramin kuɗi lokacin da asara ba ta hana tukunya tafasa. Malamin da ya iya lissafi da rubutu yana da abin da shaguna da ƙungiyoyin manoma suke buƙata, in ya yarda ya fara daga ƙasa.

Ƙungiyoyin ƙwadago ma mu tuna musu. USTN da ta tsaya a gaban soja har aka kai ga Taron Ƙasa ta dare gida-gida, kowane shugaba da tasa ƙungiya da nasa hatimi. Suna da murya in an taɓa alawus na masu lamba. Mai gadin furoje da ma'aikacin ɗan kwangila, da wuya a ji sunansu a takardar koke ta ranar 1 ga Mayu.

Ku kuma 'yan kasuwa da ke murmushi in kun ga tsohon mushe yana auna gero, ku buɗe littafin bashinku ku duba sunayen da ke ciki. Albashin malami da na ma'aikacin asibiti shi ne ke zagayawa kasuwar Gazawa a ƙarshen wata. Duk wanda aka sallama, mai sayayya ɗaya kuka rasa, mai gasa ɗaya kuka samu. Waɗanda suka yi ciniki a shekarun bashin albashi sun san yadda kanti ke yin tsit. Sannan ku dubi yaran shagunanku. Tsarin ubangida da muka yaba a sama yana da kyau ne muddin ubangida na da rai kuma yana tsoron Allah. In ya rasu magada suka raba dukiya, baran da ya yi shekara ashirin yana fita da rigar jikinsa, ba takarda, ba shaida, ba inda zai kai ƙara. Wannan ma garambawul ne, sai dai ba a buga shi a jarida.

Abin da muke nema wurin mahukunta ba ya buƙatar taimakon wata ƙasa. Kada a sake rufe ma'aikata, ko a sallami wata ƙungiya, ko a karɓe wani kamfani, sai an lissafa haƙƙin kowane ma'aikaci an ajiye kuɗin a asusu kafin a sa kwaɗo a ƙofa, har da na waɗanda suka shigo ta hannun 'yan kwangila. Shekarun da mutum ya yi a kwantaragi ko a furoje su shiga lissafin fanshonsa, su bi shi duk inda ya koma. Hukumar ANPE da asusun FAFPA, da aka kafa don neman aiki da koyon sana'a, su fito daga manyan birane su zo inda korarrun suke komawa, su biya masu sana'ar gari kuɗin koyarwa na shekara guda maimakon kuɗin otal na masu bita. Kuma tunda an yi PAIPCE da kuɗin jama'a, a fito da kundinsa a gaya mana mutum nawa suka tafi, nawa aka ba su, nawa ne sana'arsu ta kai shekara biyar. Duk ministan da zai sake kawo mana shirin tafiya da son rai, ya fara karanta waɗannan alƙaluma a gidan rediyo, da Hausa da Zabarmanci.